Haƙorin da aka cire na iya komawa ƙashi

A Damagaram, kamar yawancin wurare, haƙori in an cire shi sai kwandon shara. A Koriya ta Kudu kuwa, tun wajen 2008 likitoci ke wanke shi, su niƙa, su jiƙa a asid, sannan su cusa garin a muƙamuƙin mai shi, inda ƙashi ya zaizaye. Dabarar ta samo asali ne daga 1967, lokacin da Marshall Urist na Amurka da abokin aikinsa Yeomans suka dasa cikin haƙori a naman zomo, sai ga ƙashi ya tsiro.

Abin da ke yanke hukunci kan ko dashen zai kama shi ne garkuwar jiki. Duk abin da aka dasa, ƙwayoyin da ake kira makrofaj kan yi masa ƙawanya, wurin ya kumbura na 'yan kwanaki. In sun aminta da shi, su ɗin ne ke sauya hali, su jawo jijiyoyin jini da ƙwayoyin gina ƙashi. In ba su aminta ba, kumburi ya ƙi sauka, dashen ya lalace. Haƙorin mutum dai nasa ne, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na cikinsa ma'adini ne irin na ƙashi, don haka ba kasafai jiki ke ƙin sa ba. Ga Musulmi akwai ƙarin kwanciyar hankali, domin wasu garin ƙashin da ake sayarwa daga alade ake yin su.

Sai dai babbar ɓarnar muƙamuƙi a ƙasar Damagaram ta fi ƙarfin garin haƙori. Cutar noma, mai farawa daga dasashi ta cinye kumatu da ƙashi, tana kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da tamowa ta raunana musu garkuwa. Tun 1992 gidauniyar Sentinelles ta Suwizalan ke da cibiya a Zinder, wato Damagaram, kuma masu rauni mai tsanani akan kai su Janeba a gyara fuskar da fata da ƙashin jikinsu. A Disambar 2023, bisa buƙatar Najeriya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Garin haƙori ƙaramin rami yake cikewa, ba ɓarnar cutar noma ba. Uwar da ta ga dasashin ɗanta yana jini, bakinsa na wari, ta garzaya da shi asibiti, domin a wannan matakin maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da cutar.