Shin tunanin mutum na juya ƙwayar zarra? Abin da kimiyyar kwantum ta ce

A shafukan Facebook da WhatsApp ana yawan yaɗa cewa kimiyyar kwantum ta tabbatar tunanin mutum ne ke gina duniyar da yake gani. Wasu na fakewa da wannan magana su sayar da magani, ko su gwada jama'a da wata ƙaramar na'ura mai ɗauke da sunan kwantum, wai tana gano cuta da zarar mutum ya riƙe wani ƙarfe a tafin hannu. Kafin a fitar da kuɗi, ya kamata a san asalin zancen.

Kwantum reshe ne na kimiyya da ke nazarin abubuwa mafi ƙanƙanta: ƙwayar zarra, elektron da ke cikinta, da ƙwayoyin haske. Bajamushe Max Planck ne ya aza harsashinsa a 1900. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, kafin a auna elektron, lissafi ba ya ba shi wuri guda, sai dai ya nuna yiwuwar samunsa nan ko can. Da zarar an auna, sai a same shi wuri ɗaya tak.

Daga nan ne hankalin ɗan Adam ya shigo zancen. A 1932 John von Neumann ya nuna cewa lissafin bai fayyace inda awon ke ƙarewa ba, ko a na'ura, ko a ido, ko a ƙwaƙwalwa. A 1961 Eugene Wigner ya ce mai yiwuwa hankalin mai kallo ne ke yanke hukuncin. Daga baya shi da kansa ya janye wannan ra'ayi.

Aikin Dieter Zeh na 1970 yana cikin abin da ya sauya masa tunani. Zeh ya nuna cewa ƙwayar zarra na rasa halinta na kwantum da zarar ta cuɗanya da abin da ke kewaye da ita, kamar iska ko zafi ko haske. Ba sai mutum ya duba ba. A 1996 Serge Haroche da abokan aikinsa sun ga hakan na faruwa sannu a hankali a ɗakin gwaji a birnin Paris, kuma ya samu kyautar Nobel a 2012. Ke nan "mai kallo" a bakin masanan na iya zama na'ura da aka bari a ɗaki babu kowa.

Akwai kuma masu juya tambayar: ko kwantum ne ke haifar da hankali? Roger Penrose na Ingila da Stuart Hameroff, likitan sa barci kafin tiyata a Amurka, sun ce hayyacin mutum na fitowa daga wasu siraran bututu a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Amma a shekarar 2000 Max Tegmark ya lissafa cewa a ƙwaƙwalwa mai ɗumi da laima, halin kwantum ba zai wuce kashi ɗaya cikin tiriliyan 10 na daƙiƙa ba, alhali jijiyoyi na buƙatar kusan kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa kafin su aika saƙo. Hameroff ya musanta lissafin, sai dai mafi yawan masana ƙwaƙwalwa ba su karɓi ra'ayin nasu ba. Kyautar Nobel da Penrose ya samu a 2020 ma ta binciken sararin samaniya ce.

Har yau kimiyya ba ta gama bayanin yadda ƙwaƙwalwa ke haifar da ji da sanin kai ba. Amma babu gwajin da ya nuna tunani kaɗai na motsa ƙwayar zarra ko warkar da cuta. Amfanin kwantum na gaskiya yana cikin wayar salula, da farantin hasken rana, da na'urar MRI ta asibiti. Wanda ke zargin hawan jini ko ciwon sukari, awon asibiti ne zai gaya masa gaskiya.