Alatu Daban, Iya Ado Daban: Kalmomin Turanci Da Ake Sayar Mana Da Kaya

Uwargida, ko kin taɓa tsayawa kin karanta abin da ake rubutawa a kwalin turare, ko ledar zanin gado, ko allon shagon masu kwalliyar amare? Da wuya ki rasa ɗaya daga cikin waɗannan: luxury, deluxe, elegant, exclusive, glamour. Mu dai da mun gan su sai mu ce "mai kyau ne", mu ƙara kuɗi. To ba ma'anarsu ɗaya ba, kuma wadda ke shirin haɗa lefe ko kayan ɗakin 'yarta ya kamata ta san bambancin, domin wani lokacin kalmar kawai ake sayar mata.

Luxury ita ce abin da muke kira alatu, wato abin jin daɗi mai tsada wanda ko babu shi za a rayu. Asalinta daga Latin ne, inda luxus ke nufin wuce gona da iri. Lokacin da ta shiga Turanci ta hanyar Faransanci a ƙarni na 14, ba kalmar yabo ba ce ko kaɗan, ma'anarta fasiƙanci da bin sha'awa, har malaman Kirista na wancan zamani suna lissafa ta cikin manyan zunubai bakwai. Sai a ƙarni na 17 ta koma nufin daula da kayan ƙawa. Kin ga ke nan tun a tushenta 'yar'uwar israfi ce. Deluxe kuwa Faransanci ne, ma'anarta "na alatu", ba wani abu sabo.

Elegant ba haka take ba. Tana da dangantaka da kalmar Latin mai nufin zaɓe, don haka mace elegant ita ce wadda ta iya zaɓe: ta san launin da ya karɓe ta, ta san mayafin da zai shiga da atamfarta, ɗinkinta bai matse ta ba, bai kuma yi mata buhu ba, sannan ta san inda za ta tsaya. Ita ce wadda muke cewa "ta yi ɗas". Kalmar ba ta ambaci kuɗi ba sam. Shi ya sa Bature kan kira rubutu mai tsari elegant, har malamin lissafi ma yakan faɗe ta ga amsar da aka fitar a gajarce ba tare da kwana-kwana ba. Idan baƙuwa mai jin Turanci ta shiga falonki ta ce luxurious ne, kuɗin da aka kashe ta gani. Idan ta ce elegant, ke ta yaba.

Glamour tana da labari mai ban dariya. Daga grammar ta fito, wato nahawu. A da, da yake masu karatu ƙalilan ne, jama'a na zargin mai ilimi da sanin asiri, sai mutanen Sukotland suka lanƙwasa kalmar ta zama glamour da ma'anar rufa-ido. Marubuci Walter Scott ne ya yaɗa ta a farkon ƙarni na 19. Har yau akwai ɓurɓushin wannan ma'ana, domin ƙyalli ne mai ɗaukar ido daga nesa. Haka sophisticated, wadda yanzu ake faɗa wa wayayyiyar mace, a da sunan kayan da aka yi wa algus ne.

Exclusive na nufin abin da aka keɓe wa wasu aka hana wasu. To leshin da mata ɗari suka yi ankonsa fa, ina keɓewar take?

Abin lura, 'yar'uwa, shi ne duk waɗannan kalmomin talla ne, ba ma'auni ba. Kowa na iya buga luxury a ledarsa. Ko sunan gari ma yakan ruɗar: leshin da ake kira Swiss, da yawansa a garin Lustenau na ƙasar Ostiriya aka daɗe ana yin sa. Abin da za ki dogara da shi shi ne abin da ake iya aunawa ko bincikawa. Atamfar Holan ta kamfanin Vlisco, wanda aka kafa a garin Helmond a 1846, tana ɗauke da suna da lambar zane a bakin zanen, kodayake masu jabu ma sun koyi kwaikwayonsu, don haka ki haɗa da ɗan kasuwar da kika amince da shi. A gwal kuma ki nemi hatimi: 750 na nufin karat 18, 875 karat 21, 916 kuwa karat 22. Idan mai shago ya ce miki sarƙarsa luxury ce, ki ce masa kin ji, ya juya miki bayan maƙallin ki ga lambar, sannan ya ɗora ta a sikeli.