Wa ke da ikon tura sojan Najeriya yaƙi?

Tambayar ta taso a majalisun hira na Gyadi-Gyadi da Tarauni a Kano a watan Agustan 2023, bayan sojoji sun hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yuli, ECOWAS kuma ta yi barazanar amfani da ƙarfi.

Sashe na 5 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana shugaban ƙasa ayyana yaƙi sai majalisun tarayya biyu sun zauna tare sun amince. Tura soja fagen fama a ƙetare kuwa, sai da yardar Majalisar Dattawa.

Amma an bar ƙofa. In tsaron ƙasa na cikin haɗari na gaggawa, shugaba zai iya tura dakaru bayan shawara da Majalisar Tsaro ta Ƙasa, ya nemi izini cikin kwana 7 da fara faɗa, dattawa su amsa cikin kwana 14. Wannan ƙofa ta yi faɗi, don da wuya sanata ya ce a janye alhali ana musayar wuta.

A batun Nijar, Shugaba Tinubu ya rubuta wa dattawa, suka ba shi shawarar bin hanyar sulhu.