Ƙarfen da Ya Ƙi Zama: Akori-kurar Illela da Rigimar Sabon Manifol

Duk ranar Lahadi, tun rana ba ta ɗaga ba, hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Kware da Gwadabawa takan cika da akori-kura masu nufar kasuwar Illela. Wata ta sha buhunan albasa har ta durƙusa, wata gero da wake, wata kuma tumaki aka jera a bayanta. Tafiyar ta ɗara kilomita 80 kaɗan, daga Illela kuwa Birnin Kwanni na Jamhuriyar Nijar ba nisa. Wanda ya tsaya bakin tasha da sassafe ya kasa kunne zai ji wasu motocin idan an tayar da su suna wani ƙas-ƙas-ƙas kamar keken ɗinki, sai injin ya ɗauki zafi sautin ya lafa. Direbobi da yawa ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Bakanike kuwa da ya ji ya san hayaƙi ne ke sulalewa daga manifol.

Manifol shi ne ƙarfen da ke manne a gefen kan injin, wanda ke karɓar hayaƙin kowace silinda ya tattara ya miƙa wa salansa. Wanda kamfani ya sanya wa yawancin tsofaffin motocin aiki zubin ƙarfe ne, baƙi, mai kauri da nauyi. Yana shan zafin da kan haura digiri 600 idan mota ta ɗauki kaya tana fama da yashi, ya huce da dare, gobe a sake. Shekara da shekaru a haka, ga faɗawa ruwan damina yana da zafi, ga girgizar hanya, sai ya tsage ko ya karkace.

Sabo na kamfani ya yi tsada, balle tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Na Beljiyam, da ake samu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Ladipo ta Legas, wani lokaci shi ma da tsagarsa yake zuwa. Shi ya sa ido ke komawa kan wani ƙarfe mai sheƙi, bututai huɗu da aka lanƙwasa aka haɗe su wuri guda, wanda 'yan kasuwa ke kira heda. Hikimar ƙirarsa gaskiya ce: kowace silinda da bututunta, hayaƙin wannan ba ya tare na waccan, wanda ya fita da gudu kuma yana taimakawa wajen jawo na bayansa. Injin yakan ɗan ƙara sakewa. Sai dai ƙarin kaɗan ne a injin mai silinda huɗu da ba a taɓa masa komai ba. Nau'in da ke haɗe bututai huɗu kai tsaye cikin ɗaya ma sai an taka mota sosai yake nuna amfaninsa, inda mai ɗaukar albasa ba ya kaiwa. Wanda ke mayar da huɗu su zama biyu, biyu su zama ɗaya, shi ya fi dacewa da motar kaya.

Amma kafin a zo maganar ƙarfi, sai ƙarfen ya zauna tukuna, kuma a garin iyaka irin Illela wannan ne babban aiki.

Motocin da ke kai da komo tsakanin Sakkwato, Illela, Kwanni da Tawa ba daga kasuwa ɗaya suka fito ba. Akwai waɗanda hukumomi da kamfanoni suka saya sababbi a Nijeriya daga baya aka yi gwanjonsu. Akwai waɗanda aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka biyo ta Gaya ta Nijar. Akwai na Dubai, akwai na Amurka. Gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, amma waɗanda suka riga suka shigo suna nan suna aiki, masu lambar Nijar kuma ba su daina tsallakowa ba. Da yawansu an sauya musu injin, wasu fiye da sau ɗaya. Galibi Toyota aka rubuta a ƙofar baya, mai sayar da kaya kuma da ya ji an ce Hilux sai ya ce, "Zai shiga, Alhaji."

A ɗauki tsohuwar Hilux mai injin 22R. A wannan injin, manifol yana gefen hagu. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama na hanya tun Afrilun 1972, Nijar ma haka take, don haka sitiyarin motocinmu yana hagu, sandarsa kuma ta nan gefen take gangarawa. A Ostareliya da Afirka ta Kudu sitiyari yana dama, wato wanda ya ƙera heda don motocin can yana da fili a gefen hagu, yana iya lanƙwasa bututunsa yadda ya so. A kawo wannan ƙarfe Illela, ramukan noti za su yi daidai da kan injin, amma bututu na iya tokarar sandar sitiyari. Haka labarin yake tsakanin Hilux da Tacoma, wadda Toyota ta fitar a 1995 don kasuwar Amurka. Suna tarayya a injin fetur mai lita 2.7, wato 3RZ da magajinsa 2TR, amma ƙashin jikinsu daban ne. Hedan Tacoma na iya manne wa injin Hilux lafiya, sannan wutsiyarsa ta sauka inda bakin salansa ba ya nan, ko ta doki ƙarfen da ke riƙe da akwatin giya. Mai giyar ƙafa huɗu ma ƙarƙashinta ya fi na mai ƙafa biyu cunkoso. Masu injin gas mai tabo irin 2KD kuwa ba su cikin wannan magana, domin a kan manifol ɗin tabon yake zaune.

Bakanike mai amana, da zarar ya gwada ya ga haka, cewa yake, "Alhaji, wanga ba nata ba na." Amma an riga an biya kuɗi, kaya daga nesa ya zo, mayarwa kuma wuya. Mutanen Illela sun san yadda iyaka ke rufewa a bar mutum da kayansa: an rufe ta a Agustan 2019 sai Disambar 2020 aka buɗe, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Don haka sai a kira mai walda, a ɗauko guduma.

Daga nan ɓarna ke farawa. A doki bututu a lotsa shi don ya kauce wa sitiyari, an matse hanyar hayaƙin da aka biya kuɗi don a buɗe. A sa jak ko ƙarfe a banƙaro salansa don bakinta ya haɗu da na heda, an bar ƙarfen cikin ɗauri, kowane ramin hanya kuma yana ƙara masa. Injin yana motsi a kan robobinsa, salansa tana rataye a jikin mota, idan babu gaɓa mai lanƙwasuwa a tsakaninsu, walda ce za ta ba da kai. Idan robobin injin sun mutu ma, injin yakan sauka ƙasa kaɗan, sai ƙarfe mai kyau ya zama kamar ba na motar ba. Kamata ya yi a duba su tun kafin a ɗora laifi kan heda.

Akwai kuma farantin da ke manne wa kan injin. Na kirki kaurinsa yakan kai milimita 10, fuskarsa a miƙe. Mai araha siriri ne, zafin waldar masana'anta ya riga ya murɗe shi. Gwajinsa ba ya cin ko kwabo: a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarsa a ɗaga wajen rana, idan haske ya ratsa tsakani, gasket ba zai daɗe ba. Wasu sukan ninka gasket biyu, ko su ɗaure noti iya ƙarfinsu, ƙarshenta kusar da ta yi shekaru tana shan wuta ta karye a cikin kan injin. Kan 22R, 3RZ da 2TR na alminiyam ne, mai taushi. Haƙo karyayyiyar kusa daga ciki aiki ne na nutsuwa, idan abin huda ya kauce zai iya faɗawa hanyar ruwan injin, gyaran wuni ɗaya ya koma tafiya garejin Buzaye a Sakkwato.

Da yawa daga cikin manyan makanikan yankin a kan Fijo 504 suka koyi aiki, motar da aka riƙa harhaɗawa a kamfanin PAN na Kaduna. Ita mai kafireto ce, ba ta da ƙorafi, ko salansa na yoyo tafiya take. Hilux mai 2TR ba haka take ba. Tana da sansa a hanyar hayaƙi wadda ke shaida wa kwamfutar mota yawan iskar da ta rage bayan ƙonewa. Idan gasket na yoyo kafin sansar, iskar waje na shiga, kwamfuta ta ɗauka fetur bai isa ba, sai ta ƙara. Idan ramin sansar a sabon heda ya yi nisa har waya ba ta kai, aka cire ta aka ajiye, nan ma fetur ne zai tafi, fitilar injin ta kunnu. A wasu motocin kuma, tacen hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi haɗe yake da manifol, fitar da ɗaya fitar da ɗayan ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, babu direban da zai ce wannan ƙaramar asara ce.

Abin da ya fi damun mai lura shi ne zafi da hayaƙin kansu. Siririn bututu ya fi zubin ƙarfe watsa zafi, garkuwar gwangwanin da kamfani ya rufe tsohon manifol da ita kuma ba kasafai take dacewa da sabon ba, sai a jefar da ita. Wayoyi, tiyon birki da na kuloci, duk abin da ke kusa zai fara gasuwa, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40 kuma ana yawan ɗaukar jarkokin mai. Hayaƙin da ke sulalewa a ɗakin injin yana ɗauke da iskar guba marar wari marar launi, mai sa ciwon kai da gyangyaɗi, tana kuma shiga gidan gaba ta ramukan da wayoyi ke bi. Da hunturu, gilashi a rufe, mutum uku ko huɗu a matse a gaba, direban da ke jin kansa na nauyi yakan ɗauka gajiya ce.

Masu taka-tsantsan sukan tafi kasuwa da tsohon manifol a hannu, da lambar injin da ta jikin mota a rubuce, su kuma tambayi ɓangaren da sitiyari yake a ƙasar da aka ƙera kayan dominta. A gareji, a jiƙa kusoshi da mai tun daren jiya. A rataya komai sako-sako tukuna, a juya sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu a ga ko akwai inda ya taɓa, sannan a ɗaure notoci daga tsakiya zuwa waje. Idan waldar lantarki ta kama, a cire batir saboda kwamfuta. Bayan mota ta yi zafi ta huce sau biyu ko uku, a dawo a sake ɗaure notocin injin yana sanyi. Tsohon manifol kuma kada a yi saurin ba 'yan gwangwan: idan karkacewa ce kawai, ana iya goge fuskarsa a injin, idan tsagar ba ta yi nisa ba, mai waldar da ya iya gasa zubin ƙarfe kafin ya ɗinke shi da sandar nikel zai iya mayar da shi bakin aiki.