Faifai a Sama, Kunya a Ƙasa

[Kiɗan buɗe shiri. Kiɗa ya lafa, a ji ƙarar sarƙoƙi: cas!]

Wannan ƙara da kuka ji ba guga ake ja daga rijiya ba, ba kuma kare ne ya tsinke ba. Faifan roba ne ya doki sarƙa ya faɗa cikin kwandon ƙarfe, kuma a Amurka da Finland akwai ɗimbin mutanen da babu sautin da ya fi wannan daɗi a kunnensu. Yau za mu leƙa filin wasan da ake kira golf ɗin faifai. Gwanaye su ɗan dakata mana tukuna, inda ake kwafsawa muka zo gani.

Ku tuno faifan da ake rufe ƙwaryar fura da shi. To, irinsa ne, sai dai na roba, faɗinsa santimita 21 ko ya ɗan ɗara, nauyinsa kuma doka ta hana ya wuce giram 200. Mutum zai tsaya a kan wani ɗan dandamali ya wurga shi ya nufi kwando da aka kafa a jikin sandar ƙarfe, sarƙoƙi na reto a samansa. Inda faifan ya faɗi, nan za ka je ka sake jifa, har ya shiga. Fili yakan ƙunshi kwando 9 ko 18, kuma wanda jifansa ya fi ƙaranci shi ya ci.

Mutumin da ake kira uban wasan shi ne Ed Headrick, tsohon ma'aikacin kamfanin Wham-O mai yin faifan Frisbee. A 1975 ya kafa fili na farko na dindindin a lambun Oak Grove kusa da Pasadena, a jihar Kalifoniya. Da fari sanda kawai ake jifa, sai gardama ta yi yawa: wannan ya ce na taɓa, wancan ya ce ban ji ba. Kwando mai sarƙa da ya ƙirƙiro, wanda aka yi masa rajista a 1977, shi ya kashe wannan musun. A tsakani, a 1976, ya kafa ƙungiyar PDGA, wadda har gobe ita ke tsara dokoki. Amma ku riƙe wannan: a lambun shaƙatawa na jama'a aka haifi wasan, kuma yawancin filayensa har yau a nan suke, galibi ba a biyan ko kwabo. Ga mai yawo da karensa, ga uwa na tura keken jariri, ga iyali sun shimfiɗa darduma suna cin abinci, ga kuma faifanka na shawagi a samansu.

[Ƙarar faifai ya doki bishiya: ƙwas!]

Wannan kuma ita ce waƙar sabon shiga. A ce kai ne. Mutum shida na jiran layi a bayanka, ka gyara tsayuwa, ka ɗauko gudu irin yadda ka gani a YouTube, ka zage ƙarfinka duka. Taku biyar a gabanka akwai bishiya guda ɗaya tak, kuma ita faifan ya zaɓa. Ya doke ta, ya dawo da baya, ya gangara ya kwanta a bayan inda ka tsaya. Ka yi jifa, amma nisan da ke tsakaninka da kwando ƙaruwa ya yi.

Akwai wanda ya fi wannan. Wani lokaci yatsu sukan ƙi sakin faifan a kan kari, sai jiki ya gama juyawa sannan ya kufce, ya nufi inda babu wanda ya aike shi: tafki, titi, ko wurin ajiye motoci. Akwai kuma wanda zai yi jifa mai kyan gaske, tun daga dandamali faifai ya tafi tiryan-tiryan ya faɗa kwando, ya daka tsalle yana ihu, sai abokansa su ce masa, malam, wancan ai na lamba 7 ne, mu kuwa a kan na 4 muke. Har suna 'yan wasan suka raɗa wa wannan, suna ce masa baƙin ci. Sai mai shi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Duk waɗannan, dariya ake yi a wuce. Babu wanda zai riƙe ka a zuci don hannunka ya ci amanarka, domin kowa a filin bishiya ta taɓa wulaƙanta shi. Abin da ba a dariya a kansa shi ne faifanka ya nufi mutum kai kuma ka yi gum.

Dalili kuwa, tun daga 1983, lokacin da Dave Dunipace da kamfanin Innova suka fito da faifai mai sirantaccen baki, wannan abu ya tashi daga kayan wasan yara. A 2016 David Wiggins Jr. ya wurga faifai ya yi tafiyar mita 338 a hamadar Nevada, da taimakon iska. Abin da zai yi wannan nisa, in ya samu haƙori ko ido, ba sai an faɗa muku ba. Saboda haka dokar farko ita ce kada ka saki faifai matuƙar akwai mutum a inda zai iya kaiwa. In kuwa tsautsayi ya sa ya kufce, sai ka buɗe murya ka ƙwala "Foo!", kalmar gargaɗin da suka ara daga golf na ƙwallo, kamar dai a ce hattara. Sabon shiga yakan ji nauyin yin ihu a bainar jama'a, sai ya tsaya yana kallo yana fatan Allah Ya sa ya kauce. A ganina wannan kunyar ta banza ce, irin wadda ke ƙarewa a asibiti.

[Ɗan kiɗa]

Sai batun layi. A kan dandamali, wanda ya fi yin kyau a kwandon baya shi ke farawa. Bayan nan kuma wanda faifansa ya fi nisa da kwando shi ke da jifa, saura su tsaya a bayansa. Mai zumuɗi ya wuce gaba don ya duba nasa, ya tare wa wani hanya, ya kuma miƙa ƙeyarsa. In ayarinku na da nawa, mutum ɗaya ko biyu suka cim muku, sai ku ja gefe su wuce. In ka saka naka a kwando, cire shi kafin wani ya jefa. Kuma kafin ka ɗauki faifai a ƙasa, juya shi ka duba, domin jan faifai ba naka kaɗai ba ne a duniya. Yin jifa daga wurin faifan wani kuskure ne da ake ƙara wa mutum jifa a kansa a gasa.

Wani abin da ya ba ni dariya, ashe su ma Turawa sun san kambun baka. Faifai na sama yana tafiya lafiya lau, sai wani ya ce "kai, ya yi kyau!" Kafin ya rufe baki, reshe ya tare shi. Nan take za a juyo a harare shi, a ce ya yi wa jifan baki. Ba ya cikin littafin doka, amma tsofaffin hannu ba sa yabon faifai sai ya sauka.

Shiru kuwa yana cikin doka. Mutum na saitin kwando, ba a magana, ba a motsi a inda idonsa ke gani, ba a buɗe jaka ana ƙaraf-ƙaraf. A gasar duniya ta 2021 a garin Ogden na jihar Utah, James Conrad na bin Paul McBeth da jifa ɗaya a kwandon ƙarshe, kuma tsakaninsa da kwandon ƙafa 247 ne, wajen mita 75. Taron 'yan kallo ya yi tsit. Ya jefa, sarƙa ta amsa, wuri ya kaure, ya kuma je ya cinye kambun a zagayen raba gardama. Ihun na da lokacinsa, bayan faifai ya bar hannu.

To wa ke tsawatarwa? Yawanci babu alƙalin wasa da ke bin kowane ayari, 'yan wasan ne alƙalan junansu. A cikin mita 10 daga kwando, in ka jefa dole ka nuna ka tsaya daram kafin ka taka gaba, kuma abokin wasanka ne zai ce ka karya wannan doka. Haka zagi, da jifa da jaka don fushi, da yar da guntun sigari: karon farko gargaɗi, na biyu a ƙara maka jifa. Karya reshe don ka buɗe wa kanka hanya shi ma laifi ne. Kuma girma ba ya ceto. A gasar European Open ta 2022 a garin Nokia na Finland, wani fitaccen ɗan wasa Ba'amurke ya taso wa jami'i a gaban kyamara don an ce ya ɓata lokaci. Aka kore shi daga gasar, aka kuma dakatar da shi na tsawon watanni.

[Ƙarar takun ƙafa cikin busassun ganye]

Abin da ya fi burge ni shi ne sha'anin ɓataccen faifai. A gasa minti 3 ake bayarwa na nema, kuma wajibi ne duk ayarin su shiga ciyawa su taya ka, har da wanda kuke kankankan da shi. Wanda ya tsaya yana latsa waya alhali saura na kutsa ƙaya, an gama karanta halinsa. Gudun ɓatan faifai ne ya sa kowa ke rubuta suna da lambar waya a cikin faifansa. Mu nan mukan ce tsintuwa ba sata ba, amma mun san cigiya. A can ma haka: in ka tsinci mai lamba, ka kira mai shi, ko ka kai inda ake tara ɓatattu. Babbar kunya ita ce ka goge sunan ka zuba a jakarka, wata rana ka fito da shi, wanda kuke wasa tare ya ƙura masa ido ya ce, wannan tabon na gefe, bishiyar lamba 9 ce ta yi mini shi bara.

Shi kuwa Ed Headrick, da ya mutu a 2002, wasiyyarsa aka cika. An ƙone gawarsa bisa al'adar wasu mutanen can, abin da mu ko a mafarki ba ma tunani, aka cuɗa tokar cikin robar wasu 'yan fayafayai. Aka raba wa dangi da abokai, aka sayar da saura don tallafa wa gidan tarihin wasan da ke jihar Jojiya. Wanda ke da irin wannan a jakarsa kam, ba na jin zai gwada jifa da shi ta kan tafki.

A nan za mu dasa aya. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa, a huta lafiya.

[Ƙarar sarƙoƙi, sannan kiɗan rufe shiri]