Rumbun Haidurojin a Ƙarƙashin Ƙasa

Ƙaramar tashar lantarki mai cin gashin kanta, wadda ke ba ƙauye ko tsibiri ko masana'anta wuta daga hasken rana da iska, tana da matsala guda babba: lokacin da wuta ta yi yawa daban, lokacin da ake bukatarta daban. Batir yana iya ɗaukar rarar rana ya kai ta dare. Amma idan hadari ya rufe sama kwanaki, ko iska ta kwanta mako guda, ko hunturun Turai ya rage hasken rana na watanni, sai an tara batura masu tsadar da ba za ta biyu ba.

A nan haidurojin ke shigowa. Idan wuta ta yi rara, ana tura ta cikin na'urar da ke raba ruwa gida biyu, haidurojin da oksijin. Kilo ɗaya na haidurojin yana cin ruwa lita 9 da lantarki sama da kilowat-awa 50. A adana iskar, ranar da wuta ta yi ƙaranci a mayar da ita lantarki. Asarar da ake yi a hanya ba ƙarama ba ce: abin da ke dawowa bai cika wuce kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari ba, alhali batirin lithium na mayar da kusan kashi 90. Amfanin haidurojin shi ne yana jure ajiya ta watanni, kamar hatsi a rumbu.

Da yake iska ce marar nauyi mai cin wuri, tankuna a bisa ƙasa suna da tsada. Mafi ingancin ma'aji shi ne kogon gishiri. Ana haƙa rijiya zuwa shimfiɗar gishirin da ke can ƙasa, a zuba ruwa ya narkar da shi, a zuƙe ruwan gishirin, sai a sami kogo wanda iska ba ta ratsa bangonsa. A Teesside ta Ingila ana ajiye haidurojin haka tun 1972, a Clemens Dome ta jihar Texas a Amurka tun 1983, duk don masana'antu. A Ostiriya kamfanin RAG ya gwada rijiyoyin gas da suka ƙare. Can akwai wata damuwa: ƙwayoyin halittar da ke cikin dutsen suna cin haidurojin su fitar da iskar methane ko mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kuma dole a bar wani kaso na iskar a ciki kullum don matsin kada ya faɗi.

Inda gizo ke saƙa shi ne girma. Kogon gishiri ɗaya yana ɗaukar ɗaruruwa ko dubban tan, ya fi ƙarfin ƙauye nesa ba kusa ba, kuma ba ko'ina ake samun gishirin ba. Shi ya sa tsibirin Utsira na Norway, da ya fara ba gidaje goma wuta daga iska da haidurojin a 2004, ya yi amfani da tanki. Gwajin HYBRIT a Luleå ta Suwidin ya fi kusa da bukatar ƙananan tashoshi: a 2022 aka buɗe kogo mai girman mita kubik 100, an sassaƙa shi cikin dutse kimanin mita 30 ƙarƙashin ƙasa, an lulluɓe cikinsa da ƙarfe. Irin wannan ana iya yin sa duk inda dutse ke da ƙarfi. Wata hanyar kuma ita ce tashoshi da yawa su yi tarayya a kogo guda ta bututu, kowace ta zuba rararta, ta ɗiba lokacin ƙaranci.