Farin furen da ke ƙarewa tare da kududdufan Cape

A yammacin yankin Cape na Afirka ta Kudu, damina da sanyi tare suke zuwa. Daga wajen watan Mayu ruwa ke sauka, ya taru a kwazazzabai marasa zurfi, ya zama kududdufai da ke ƙafewa da zarar zafi ya shigo. A nan ne wani tsiro mai suna Oxalis natans ke rayuwa. Tushensa mai kama da 'yar albasa yana binne a laka, siririn kara ya miƙo sama, ganye mai kunne uku ya kwanta a kan ruwa, sai farin fure ya buɗe idan rana ta fito. Masu jin harshen Afirkans na kiran danginsa suring saboda tsamin ganyen, tsami irin na yakuwa, ko da yake ba su haɗa jini da ita ba. Kudancin Afirka na da irinsu fiye da 200, wannan kuwa yana cikin waɗanda ake fargabar ƙarewarsu.

Ana yawan ɗora laifin a kan sauyin yanayi, musamman tun farin 2015 zuwa 2018 da ya kusa ƙafar da famfunan Cape Town. Fari na da nasa kason, amma a ganina garma ta riga shi ɓarna. Ƙasa mai albarka ta Swartland da ke wannan yanki ta koma gonakin alkama da inabi, har abin da ya rage na jejin asali bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Manomi da ya ga ruwa kwance a tsakiyar gona, magudana zai haƙa masa. Birni ya cike wasu kududdufan da gidaje da tituna, itatuwan da aka shigo da su daga Ostareliya suka shanye wasu, takin zamani kuma ya ba ciyawa ƙarfin shaƙe sauran.

Abin da ya fi damuna shi ne asarar tana ɓuya. Furen waɗannan tsirrai kashi uku ne, gwargwadon tsawon sashen mace a cikinsa: dogo, matsakaici da gajere. Galibi fure ba ya yin iri sai ƙwaro ya kawo masa garin haihuwa daga wani kashin daban. Idan kududdufi ya tsuke har kashi ɗaya kawai ya saura, iri ya tsaya ke nan. Amma albasar da ke laka za ta ci gaba da tsaga 'ya'ya, duk shekara a ga fure fari fat a kan ruwa, mai wucewa ya ɗauka lafiya lau, alhali tsiro ɗaya ne yake maimaita kansa. Cuta guda ko mummunan fari guda ya isa ya share su gaba ɗaya.

Adana iri ma ba sauƙi, domin irin da yawa daga cikin danginsa na Cape ba ya jure bushewa. Da ya faɗo yake tsira, in bai samu laima ba ya mutu, don haka ba a iya kai shi rumbun ajiya yadda ake yi da gero.

A 2004 UNESCO ta sa gandayen tsirran Cape cikin kayan gadon duniya, sai dai akasarinsu kan duwatsu suke, inda garma ba ta hawa tun asali. Kududdufan kuwa a kwari suke, da yawansu cikin gonakin mutane, inda shawarar haƙa magudana ko barin ruwan ya kwanta ke hannun mai gona.